Baba Tsumma da Wuƙaƙen da Ba Sa Tsatsa

Wuƙaƙen kicin ɗin asibitinmu ba sa tsatsa. Wannan ba zancen baki ba ne, yana nan a shafi na goma sha ɗaya na rahoton shekara, inda mai girma Darakta ya bayyana cewa hangen nesan hukumar gudanarwa ne ya sa aka sayo wuƙaƙe na wani irin ƙarfe wanda ruwa ba ya yi masa komai, gishiri ba ya yi masa komai, ba ya kuma bukatar hannun ɗan'adam. An karanta shafin a taro, an tafa.

Mutumin da ya shafe shekara talatin da huɗu yana goge wuƙaƙen kicin ɗin, tsofaffi da sababbi, bai samu halartar taron ba, domin an sa taron daidai lokacin wanke wuƙaƙe.

A takardun ofis, mataimakin kicin ne. A kicin kuwa Baba Tsumma ake ce masa, saboda tsummoki uku da kullum ke rataye a ƙugunsa. Ƙarfe shida saura kwata yake buɗe kabad ɗin da ke bayan ƙofa, ya fito da wuƙaƙe arba'in da biyu, ya karkata kowace ga hasken taga, ya share man jiya, ya jera su a tebur, bakinsu na kallon bango. Ya san wadda babban kuku ke so don nama, ya san 'yar ƙaramar da masu ferayar dankali ke faɗa a kanta.

Bayan an sallami abincin rana aikinsa na gaske ke farawa. Ɗaya bayan ɗaya yake wanke su da ruwa mai ɗumi da sabulu, ba ya barin ko ɗaya ta kwanta a cikin baho. Tsumma na farko na tsane jiki ne. Na biyu, siriri, na wuya ne, inda ƙarfe ya shiga ƙota, don nan danshi ke ɓuya. Na uku shi ne na mai: ɗigo biyu na farin mai marar ƙamshi da ake samu a kantin magani, a shafa sama-sama har wuƙa ta yi sheƙi ba tare da ta yi santsi ba. Wadda ta yanka lemun tsami ko tumatir ba ta bin layi, nan take yake karɓarta.

"Baba, da ka kula da kanka rabin yadda kake kula da wuƙaƙen nan, da gashinka bai gudu ba," in ji babban kuku.

"Gashina ba ya yanka wa marar lafiya nama. Miƙo wuƙar nan, ka bar ta da albasa a jiki kamar marainiya."

Wani sabon ma'aji ya taɓa kawo masa gwangwanin man inji, wai ya fi sauƙin samu. Baba ya sunsuna, ya mayar masa da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, masu ciwon ciki muke ciyarwa, ba janareta ba."

Man girki ma ba ya yarda da shi, ya ce kwana uku yake yi ya koma danƙo, ya fara wari.

Kai ne, Baba, wanda a zamaninsa babu wanda ya tsoma hannu cikin kumfar sabulu ya fito da yatsa a tsage. Kai ne wanda babu marar lafiyar da ya taɓa tsintar jan burbushi a abincinsa. Ba a sa wannan a rahoto ba, domin abin da bai faru ba ba a ba shi shafi.

Saura wata huɗu ya yi ritaya aka yi wa matarsa aikin ido. Ya nemi hutun kwana goma, na farko a shekara shida. Ya damƙa wuƙaƙen a hannun Iya mai wanke-wanke, ma'aikaciyar wucin gadi, wadda ke riƙe da 'ya'yan ƙanwarta marigayiya su uku da mijinta wanda ƙafafunsa suka daina aiki. Ya nuna mata komai sau biyu, ya bar mata tsummokinsa.

Washegari ma'aji ya kulle kwalbar man a sito. Ya ce ya karanta rahoto, kuma shi mutum ne mai bin rubutu. A makon ne kuma aka yi babban taron likitoci, kwanuka suka ninka, aka bar Iya ita kaɗai a bakin famfo. Ranar ƙarshe ta taron ta zuba wuƙaƙen a baho ta cika da ruwa, da niyyar ta dawo kansu in ta gama da tukwane. Aka kira ta cewa mijinta ya faɗo daga gado. Ta fita a guje. Wuƙaƙen suka kwana biyu a ruwa.

Jami'an duba tsabta suka zo a rana ta uku. Wuƙaƙe goma sha tara sun yi ja daga wuya zuwa baki.

Aka kafa kwamiti, kamar yadda ya dace. Kwamitin ya duba lamarin da idon basira: tunda wuƙaƙen ba sa tsatsa, to wani ne ya sa su. Ko dai wadda ta jiƙa su, ko kuma wanda ya daɗe yana shafa musu wani mai da hukuma ba ta sani ba har ya lalata musu fata. Akwai bayani na uku, cewa rahoton ne ya yi kuskure, amma ba ya cikin jadawalin zama.

Da Baba ya dawo ya tarar da Iya a bayan kicin, zaune kan bokiti, ido ya kumbura.

"Baba, na ci amanarka. Gobe zan shiga in faɗa musu ni ce."

"Sai kuma me?"

"Sai abin da Allah ya yi."

"Allah ya yi miki hankali, ki yi aiki da shi. Ni in na yi laifi takarda za a ba ni. Ke ba ki da fayil da za a sa takarda, ƙanwata. Kar ki zo gobe kawai za a ce miki. Yaran nan takarda za su ci?"

"To kai fa? Wata huɗu ya rage maka."

"Tashi ki samo mini toshiyar kwalba da hodar goge tukwane. Tsatsar ba ta yi zurfi ba tukuna."

Ya san abin da takardar ke nufi. Wanda aka yi wa gargaɗi a shekararsa ta ƙarshe ba ya samun ƙarin girman da ake yi wa mai ritaya, kuma a kan wannan matakin ake yanka wa mutum fansho har ƙarshen ransa. Ya kwana uku yana murza jikin wuƙaƙen da toshiya, a hankali, yana bin tsawon ƙarfen, har sha tara ɗin suka koma sahun 'yan'uwansu. Sannan ya sa rigarsa mai tsabta ya je gaban kwamiti.

"Kana shafa musu mai?" in ji shugaban kwamiti.

"Kullum, ranka ya daɗe."

"Da izinin wa?"

"Ba da izinin kowa ba."

"Ka san an rubuta cewa ba sa bukata?"

"Na ji an karanta."

"A hannun wa suke?"

"A hannuna suke tun kafin a haifi wasu a ɗakin nan. Duk abin da ya same su, ni ne."

Ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Kwamitin ya ji daɗi ƙwarai, domin an gama kafin shayi ya huce. Babu wanda ya tambaya ko wa ke bakin famfo a kwanaki goman nan, babban kuku kuwa, wanda bakinsa ba ya rufuwa, ranar ya kamu da ciwon maƙogwaro.

Matarsa ce ta karanta masa takardar gargaɗin a gida, da sabon idonta.

"Shekara biyu ban ga rubutu ba, malam. Abin farko da zan karanta ke nan?"

"Ai kin ga aikin ya yi kyau. Har ƙananan baƙaƙen kin gani."

Ta ninke takardar ta ajiye. Ba ta sake tayar da zancen ba.

Makon jiya aka yi bikin sallamar waɗanda suka yi ritaya. An kira mutum bakwai an ba su takardar yabo. Baba yana layin baya, ya tafa wa kowannensu.

To mu ga tamu, Baba, ba ta da hatimi. Mun gode, mai tsumma uku, maƙiyin tsatsa. Mun gode da abincin da iyayenmu suka ci a gadon jinya ba tare da sun san hannunka ba. Mun gode da yara uku da ke cin abinci a wani gida yau ba su san dalili ba. Masu karatu, akwai irinsa a inda kuke aiki, mutumin da komai ke tafiya daidai saboda shi har aka ɗauka abin da kansa yake tafiya. Ku neme shi ku gaishe shi tun yana nan. In kuma za ku iya, ku zama shi: ku wanke abin da kuka yi aiki da shi, ku tsane, ku shafa mai, ku kuma duba wanda ke ƙasa da ku kafin ku wanke kanku.

Jiya ya je ofishin fansho cika takardun ƙarshe. Akawun, wanda ya san labarin kamar kowa, ya buɗe fayil ɗin ya rage murya.

"Baba, kana da damar ɗaukaka ƙara, yau ce ranar ƙarshe. In ka nema, dole a sake zama, a kira duk wanda ya yi aiki a makon. Wallahi za ka ci."

"Duk wanda ya yi aiki a makon?"

"Duka."

Baba ya laluba aljihu ya ciro tabarau, ya goge shi da bakin riga.

"Bar shi, ɗana. Nuna mini inda zan sa hannu."