Baba Isufu Ba Ya Taɓa Inji Mai Ɗumi

Ku da kuka san Baba Isufu, kun san kuncinsa na dama ba gemu. Na hagu cike yake, fari fat. Na dama kuwa kamar tafin hannu. Inji ne ya cinye gashin. Duk motar da aka kawo masa, ba ya fara gaida mai ita. Sai ya zagaya baya, ya ɗaga murfi, ya durƙusa, ya manna kunci a jikin inji kamar mai sauraron gulma ta bango. In ya ji ɗumi, ko da irin na ƙwan da kaza ta tashi a kai ne, sai ya miƙe ya karkaɗe gwiwa.

"Sai ta huce."

Har sunan ya bi shi. Daga Bromakoté zuwa Saint-Michel, in ka ce Isufu, a ce wanne? In ka ce Sai-ta-huce, a nuna maka hanya.

Ni Hamidu ban iya dogon zance ba. Ban yi boko ba. Na yi dako a kasuwar Guro har wuyana ya shige. Na kwana a ƙarƙashin tebur. Gobara ta ci rumfata ta farko, katafila ta ci ta biyu. Abin da ya rage mini a duniya Burodi ce, tsohuwar bas ɗin nan da kuka sani, mai siffar burodi. Injinta a baya yake, ba ta shan ruwa, iska ce ke fifita ta. Da ita nake kai doya da ayaba daga Guro zuwa Treichville. Ran da ta tsaya, tukunyar gidana ta tsaya. Mutum ɗaya ne kuma na sani da ya san cikinta, ga shi ya haura saba'in, yana tari. Kun ga damuwata.

Aikin da yake mata a ido ba komai ba ne. Supap takwas ne, wato ƙofofin da inji ke shaƙa da fitar da numfashi. Kowace da 'yar ƙusa mai zare a kanta, da noti mai riƙe ƙusar. Tsakanin ƙusa da supap ana barin ɗan fili, siriri ƙwarai. Ƙarfe in ya ɗau zafi miƙewa yake yi, shi ya sa Baba ke cewa awon inji mai ɗumi kamar tambayar mai fushi ne, duk amsar da ya ba ka ƙarya ce.

Ma'auninsa wani ɗan ƙarfe ne kamar reza. A cikin jakar fata yake, rataye a wuyansa. Mutane suka ce laya ce. Wani direban baka, ƙaramar bas ɗin haya, ya yi wata uku yana binsa da rago, wai a sayar masa. Ranar da ya gaji da shi, Baba ya ce ya taɓa da yatsa ɗaya. Mutumin ya taɓa, ya tafi. Har yau yana rantsuwa tayarsa ba ta sake fashewa ba.

Na ce, "Baba, me ya sa ba ka gaya masa gaskiya ba?"

Ya ce, "Na gaya masa. Ya ce haka duk masu babban asiri ke cewa."

Rowa kuwa, kai! Ƙusar da kanta ya cinye, ya baje kamar naman kaza, ba ya yar da ita. Yana da gwangwanin tumatir cike da su. Ya ce sun yi ritaya. Duk Juma'a sai ya zube su a tabarma, ya shafa musu mai, su sha iska. Na taɓa ɗaukar ɗaya don in sakace haƙori. Kwana huɗu bai amsa sallamata ba.

Shekara da shekaru ina roƙonsa abu ɗaya.

"Baba, koya mini."

"Riƙe tocila."

"Baba, rana ce tsaka."

"To koyi riƙe ta kafin ta yi amfani."

Laifina ne ya ƙara tsawon zancen. Wata rana ayaba na neman ruɓewa a mota, Burodi na ta ƙara, caka-caka-caka. Baba ya sa kunci, ya ce sai gobe. Zuciya ta ɗebe ni, na kai ta wurin wani makanike a Saint-Michel. Da zafinta ya ɗaure komai tam. Aka tayar, shiru kamar sabuwa. Na ji daɗi. Na biyo ta gaban Baba a hankali don ya ji.

Ya ji. Ya tuɓe hula. Ya zo ya kama hannuna biyu.

"Hamidu, ya haƙuri? Allah ya jiƙan ta."

"Baba, ga ta nan tana tafiya."

"Kaza ma in an yanka ta tana tafiya."

Ya ce supap mai surutu lafiyarta lau, fili gare ta. Wadda ta yi shiru an shaƙe ta ne, ba ta rufuwa, wuta na lasarta. Kwana tara, supap ta uku ta ƙone a gaban kasuwa, da doya maƙil. Ita ta ukun nan dama yana cewa autar gida ce, iska ba ta isa gare ta sosai, kullum zuciyarta a kusa. Ya gyara. Amma kafin ya sa hannu sai da ya tara mutane, ya ce in durƙusa in ba inji haƙuri. Ni, da furfurata. Na durƙusa. Na ce, "Yi haƙuri."

Ya ce, "Ba ta ji ba. Ta uku kurma ce."

Na ƙara murya. Mata masu sayar da aceke, dambun rogon nan, suka yi guɗa.

Bayan an watse ya ce, "Mai gaggawa ba ya riƙe ƙarfen nan." Ya mai da shi cikin riga.

Da tarin ya yi nauyi, 'yarsa Rakiya ta ɗauke shi zuwa gidanta a Treichville. Ita ta yi boko sosai, a ofis take, Faransanci ya fi Hausa saurin zuwa bakinta. Sai ga sabuwar rigima. Ni ina Adjamé, shi yana ƙetaren gada. In na tuƙa Burodi zuwa can, ta yi zafi. In na bar ta ta kwana can, na rasa lodin asuba. Na yi tunani irin nawa. Na kira abokan dako huɗu, ƙarti, duk mun yi furfura tare. Na ce ba za a kunna ta ba, turawa za mu yi.

Muka tura. Wallahi muka tura! Daga Adjamé, muka ratsa Plateau, masu kwat suna leƙowa. A kan gada tasi-tasin woro-woro suna ta ham, wani ya leƙo ya ce, "Tsoho, mai ne ya ƙare?" Na ce tanki cike yake. Ya dube ni, ya tofa addu'a, ya wuce. Muka isa bayan azahar, harshe a waje.

Aka fito da Baba. Ya durƙusa da ƙyar. Ya manna kunci. Ya daɗe.

"Wa ya kunna ta?"

"Ba wanda ya kunna ta, Baba. Turo ta muka yi."

"A cikin wannan ranar? Kun gasa ta. Sai ta huce."

Ɗaya daga cikin ƙartin ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka. Ɗaya ya ce shi da ni har abada.

Ta kwana can dole. Da safe bayan salla na iske an shimfiɗa masa tabarma kusa da tayar baya. Rakiya na tsaye da magani a hannu.

"Papa, dokta ya ce repo. Tonton Hamidu, gaya masa mana!"

Ya ce, "Ai hutawa nake. Shi zai shiga."

Na zaci ban ji daidai ba. Ya ciro jakar fatar daga wuyansa. Sai da ya gwada sau biyu.

"Mutumin da ya turo mota daga Adjamé don kada ta yi ɗumi, ko dai mahaukaci ne, ko ya daina gaggawa. Duk biyun sun iya aikin. Fara da kunci."

Na manna. Sanyi ƙalau. Na kwanta na shige ƙarƙashi. Na ɓalle murfi da turnabis, wato sukuddireba. Yana daga kwance yana ba da oda. Juya inji har alama ta zo. Sassauta noti. Zura ƙarfen. Na ce akwai lamba a jiki, ni ban iya karatu ba. Ya ce lambar ta goge tun kafin a haifi Rakiya.

"Yatsa ke karantawa. Ya shiga da ɗan ja, kamar ludayi a kunu mai kauri. In ya faɗa kamar a ruwa, fili ya yi yawa. In ya cije, ka shaƙe ta."

Na daidaita, na ɗaure noti. Ya ce in sake aunawa. Ƙarfen ya cije.

"Ka saki turnabis, ko? Noti in yana ɗauruwa sai ya ja ƙusa su tafi tare. Riƙe ɗaya, ɗaure ɗaya. Hannu biyu Allah ya ba ka, ba don cin aloko, soyayyar ayaba, kaɗai ba."

Sau bakwai na sake ta farko. Kafin in gama takwas ɗin an kusa kiran azahar. Na kunna. Caka-caka-caka, a hankali, kamar keken ɗinki. Ya rufe ido yana ji.

"Ta uku na gunaguni."

Na kai hannu ga turnabis.

"Bar ta. Haka take so."

Na miƙa masa jakar. Ya ce wuyansa ya gaji.

Sati uku bayan nan, da hantsi, Rakiya ta kira ni. Na iske shi a kan gado, an rufe masa ido. Mutane na ta magana. Ni ban san abin da ake faɗa ba a irin wannan wuri. Sai na durƙusa na manna kuncina a goshinsa.

Rakiya ta ce, "Tonton, me kake yi?"

Na ce, "Ya huce. Ana iya taɓa shi."

Ta yi dariya, ta toshe baki, dariyar ta koma kuka.

Burodi ce ta kai mutane maƙabarta. Mu goma sha ɗaya, har da wanda ya ce shi da ni har abada. A hanya mijin Rakiya ya ce, "Tonton, injin nan na ƙara, a kai ta garaji." Na ce lafiyarta ke nan. Tun daga ranar sau shida na shiga ƙarƙashinta ni kaɗai. Ba ta tsaya ba. Tukunya ma ba ta tsaya ba. Gwangwanin 'yan ritaya na wurina, jiya Juma'a sun sha iska. Matata ta ce gemuna na dama ya fara raguwa.

Allah, bawanka Isufu bai taɓa sa hannu a kan abu mai zafi ba, mota ko mutum, sai ya jira. Ka yalwata masa fili. Ka sanyaya masa makwanci. Amin.