Koriyar Fitila a Kan Mumbari

Tarihin ɗan Adam yana da ranakun da ba a mantawa: ranar da aka gano wuta, ranar da aka ƙera jirgi, sai kuma Lahadin da na ɗauki aniyar rage wa dattawan ikilisiyarmu tsawon magana. Ta ukun ce ba zan manta ba, don a kaina ta ƙare.

Lokacin ina koyar da lissafi a Kafanchan, na kamu da ciwon maikrokontrola, wato 'yar ƙwaƙwalwar lantarkin nan da ba ta fi akwatin ashana ba, wadda kake rubuta wa umarni a kwamfuta ta bi ba gardama. Mako uku na yi kafin na sa fitila ɗaya ta ƙifta ido. Daga nan na fara ganin kaina sa'an injiniya.

Bikin godiyar kaka ya ƙarato, ga baƙi za su zo daga Kujama, direbansu kuma ya rantse in ƙarfe biyu ta wuce ba zai hau hanya ba, sai dai su kwana. Na miƙe a taron kwamiti na ce a bar mini. Na haɗa na'urar da za a ɗora a kan mumbari: mai magana ya fara, koriyar fitila, minti biyar, ja da ƙara. Har na je wurin zumuntar mata, waɗanda bisa al'ada su ke tada waƙa su katse mai dogon bayani, na ce musu sun huta.

Shugabarsu ta dube ni ta ce, "To, Ticha. Mun bar ma injin."

Abin da ban faɗa wa kowa ba, don ban ga amfaninsa ba, shi ne ban liƙe wayoyin da dalma ba. Cusa su kawai na yi a ramukan allon gwaji. A teburina kuwa babu mai dukan komai.

Ranar, bayan wa'azi, aka kira babban dattijonmu, wanda kuma surukina ne, ya yi gaisuwa. Baba ba ya kai aya sai ya naushi mumbari. Ashe kowane naushi yana girgiza waya, na'urar ta ɗauke ta dawo, ta fara ƙirga daga sifili. Bai taɓa yin minti biyar cur ba naushi ba.

Minti ashirin, kore. Minti arba'in, kore shar. Ya taɓo zuwan jirgin ƙasa, ya gangaro kan farashin citta. Fasto ya yi tari, Baba ya nuna fitilar: "Ɗana, injin bai ce in tsaya ba."

Na waiwayi mata ina roƙo da ido. Shugabarsu ta naɗe hannu ta ce a hankali, yadda layi uku za su ji, "Ai mu mun yi ritaya."

Uku saura kwata ya ce amin. Baƙi goma sha huɗu suka kwana a gidana, matata ta yi kwana biyu tana kirana Farfesa.

Na koyi cewa na'ura ba a gwada ta a inda ta ji daɗi, sai a hannun wanda za ta yi wa aiki. Na nemi in gyara ta, Baba ya hana. Har yau duk inda aka gayyace shi jawabi, da ita yake zuwa.