Ƙararrawar Hawaja a Gindin Aduwa

A shekarun da nake tuƙa tarakta a wata babbar gonar riɗi tsakanin Gadarif da Basunda, makanikenmu wani Bature ne ɗan ƙasar Wales. Hawaja muke ce masa. Ba shi da hira sai ta babban cocin garinsu, ginin dutse da ya ga kakannin kakanni, inda mawaƙa ke rera yabo safe da yamma. A hasumiyarsa akwai ƙararrawa da yawa, kowace da igiyarta da mai janta, kuma babansa na cikin masu ja.

Da rani, aiki ya yi sauƙi, sai Hawaja ya rataye tsofaffin farantan garma shida a reshen aduwa, ya ba mu guduma ɗaiɗai. Wai a buga daga ƙarami zuwa babba, sannan a riƙa musanya layi, kada biyu su taɓa haɗuwa. Muka tambayi dattijon da ke dafa mana abinci ko ya halatta.

"Ƙarfe ne, ba salla ba," in ji shi. "Ku dai kada ku kashe mini kunne."

Mun kashe masa. Mu shida, kowa direba, ba wanda ya saba jiran wani. Hawaja na tsalle yana ƙirga da Larabcinsa mai karkata, mu muna faɗuwa ƙasa don dariya. Ni aka ba babban faranti, na ƙarshe a layi, kuma na ji kaina ƙwarai.

Da kaka, ana tsakar yankan riɗi, wasiƙa ta zo cewa babansa ya rasu, har an binne. Ya ce al'adarsu idan mai jan ƙararrawa ya mutu, sai a ɗaure bakin ƙararrawa da fata a buga masa a hankali, sautin ya fito kamar daga nesa. Ba abin da yake so sai a yi wa tsohon wannan. Ya naɗe gudumominmu da tsumma da hannunsa.

Da hantsi muka jeru. Wallahi ranar mun yi kyau, ba wanda ya shiga layin wani. Amma nawa farantin sai "dum, dum" yake yi kamar an bugi buhu. Raina ya ce, babban faranti guda, ba mai jinsa? Na kwance tsumman a ɓoye, na zabga.

Na manta cewa a gonar nan, lokacin kaka, babban faranti in ya yi ƙara, fatur ne, abincin safe ya sauka.

Sai ga ma'aikata daga kowace kusurwa, lauje a hannu, a guje, wani har da cokalinsa a aljihu. Wakilin gona na bin su yana ihu.

"Ya zol, ina asida?" wani ya tambaye ni da Larabci, wato malam, ina tuwo.

Abokan buguna suka tuntsire. Ni ma dariya ta ci ƙarfina, Allah ya yafe mini, a gaban mutumin da ke makoki. Hawaja ya tsaya kawai, ya kalli tsumman a ƙasa. Na ce faɗuwa ya yi. Ƙarya ce, kuma ban taɓa gyara ta ba sai yau.

Dattijon ne ya daka tsawa: "Ku yi shiru! Uban mutumin nan ya rasu."

Dariya ta ɗauke. Ma'aikata suka ajiye lauje, suka bi layi ɗaya bayan ɗaya suna kama hannunsa. "Al-baraka fikum. Allah ya ba da haƙuri." Sannan suka zazzauna a inuwa kamar yadda ake zaman makoki, wakili ma ya zauna. Hawaja ya share ido, ya ɗauki tsumman, ya ɗaure mini shi tam, ƙulli biyu.

"Daga farko," in ji shi.

Muka buga har ƙarshe, jama'a na saurare da yunwarsu.