Gadalin Yaya Saratu

Damina goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayata Saratu, har yau ban gama mamakinta ba.

Ta samo albasar wani fure a bakin mayo, wato rafi, a hanyar Kwaja, ta dasa a ƙofar gidanta a Lokuwa. Ruwan farko na sauka sai ya fitar da doguwar sanda da fararen furanni masu jan layi. A garinmu duk tsiro mai irin wannan albasa gadali ne, kuma kowane gadali da aikinsa: na tsari, na kasuwa, na farin jini. Kowa ya wuce sai ya tambaya na mene ne. Ta ce, "Na kallo ne." Babu wanda ya yarda.

Shekarar ƙuri'ar Najeriya ko Kamaru abin ya yi tsami, don masu neman nasara ta kowane ɓangare suka riƙa yi mata sallama suna neman gadalin. Maganar ta kai majami'a. Dattawa suka ce ko ta tumɓuke, ko a hana ta cin jibin Ubangiji.

Wani dattijo ya ce, "'Yata, abu da ba a ci, ba a sha, kina ba shi ruwa don me?"

Ta ce, "Baba, Allah ne ya yi shi, je ka tambaye shi."

Ba ta tumɓuke ba. Ta koma bencin baya na waɗanda aka hora, a nan ta zauna har ciwo ya kwantar da ita. Abin ya ƙona mini rai, ita kuwa ko a jikinta. Idan albasar ta yi 'ya'ya ta cunkushe, sai ta haƙa ta rarraba, ta ba duk mai so, tana jaddada masa cewa ba ya aikin komai.

Yau ga irinsa an jera gaban ofisoshin gwamnati, an kewaye da duwatsu masu farin fenti, har da gaban majami'ar tamu. Ko dariya za ta yi, ko tsaki? Na fi zaton za ta ce sun dasa da zurfi.

Makon jiya wata a Yelwa, wadda ba ta san ni ba, ta miƙo mini albasa ɗaya, ta rage murya: "Mama, gadalin Saratu ne. Yana hana a taka mutum."

Na buɗe baki zan gyara mata, sai na tuna bencin baya. Na sa hannu biyu na karɓa.