Maganin Ƙayar da Na Kulle a Waya

Gidanmu na Kalgo an san shi da abu ɗaya, cire ƙayar kifi. Idan mutum yana cin kifi ƙaya ta maƙale masa a wuya, ya yi ta kakari, ya haɗiyi lomar tuwo ta ƙi wucewa, to zaurenmu ake nufowa da shi. Har daga Wurogauri ana kawo mutane a kan babur, ido ya yi ja, yawu na zuba. Baba masunci ne, kuma a wurin kakanmu ya gaji abin. Zai jiƙa wani gari a ƙoƙo, ya yi tofi, ya shafi wuyan mutum, ya ba shi ya kurɓa. Kafin a gama gaisawa da 'yan rakiya, ƙaya ta fito ko ta wuce. Abin da idona ya gani ke nan, ban zo gardama da likitoci ba.

Ni kaɗai ne namiji a gidan, kuma ni ne na bar ruwa na kama alli. Koyarwa nake yi a Gwandu. Duk hutu Baba sai ya ce in zauna ya ba ni abin gidan, ni kuma in ce sai hutu mai zuwa. Da ciwon ƙirji ya fara kwantar da shi, sai na zo masa da sabuwar waya da sabuwar dabara. Na ce ya faɗi komai in ɗauki muryarsa.

Ya kalli wayar ya ce, "Abin ga ba a aje shi cikin ƙarhe. Cikin kai aka aje shi."

Na ce, "Baba, haddacewa zan yi. Wannan don tuni ne kawai."

"To. Amma kunnen da ba na gidan ga ba, kak ya jiya. In ka hardace, ka kashe shi."

Bayan la'asar muka zaga bayan gida, inda yake shanya taru. Ya faɗi itatuwa biyar, da inda kowanne yake fitowa, da ɓangaren da ake sassaƙa, sannan ya karanta kalmomin tofin a hankali sau biyu. A tsakiya tari ya sarƙe shi, wata akuya kuma ta yi ta kuka a bayan danga. Duka abin bai kai a dafa shayi a sha ba.

Ya kamata in faɗi halina tun yanzu. Ni mutum ne da ko gaisuwa aka tsawaita mini, sai in fara tunanin me ake nema a wurina. Matata takan ce ko inuwata ce ta biyo ni sai na waiwaya na tambaye ta wa ya aiko ta. To mai irin wannan hali ne ya koma Gwandu da sirrin kakanni a aljihu.

Lokacin kuwa ana tsakiyar yayin ture-ture. A ofishin malamai da an tashi tara sai a haɗa wayoyi, wannan ya tura wa wancan wa'azi, wancan ya tura masa fim. Mutum zai ce, "Kawo in tura maka," ka miƙa masa, sai ka ga yatsansa yana yawo cikin hotunanka kamar gidan ubansa. A makon da na dawo ma aka yi ta yaɗa muryar wani bawan Allah, mutumin Malisa, yana lallashin matarsa da ta yi yaji. Ba wanda ya san yadda ta fita daga wayarsa. Har da ni aka yi dariya, har da hawaye. Ina cikin dariyar ne na tuna abin da ke aljihuna.

Daga ranar ban sake ba kowa wayata ba. Ko tocila aka ce in ara, sai in bi mutum in haska masa da kaina. Haddar kuma ta gagara, domin kafin ka haddace sai ka saurara, kafin ka saurara sai ka sami inda ba kunne. Bangon gidan hayarmu ko atishawa ka yi maƙwabci zai amsa maka. Abin sawa a kunne kuma ban yarda ba ya yoyon sauti ba. Sau uku kacal na saurari Baba, duka a hanyar gona, ina yi ina waige-waige. Na gaya wa kaina ba gaggawa, ai yana nan a ajiye.

Rannan wayar ta suɓuce daga aljihuna ina hawa babur, gilashinta ya tarwatse. Dole na kai ta wurin wani dattijo mai rumfa kusa da tasha, wanda da can rediyo yake gyarawa kafin ya koma waya. Kowa Injiniya yake kiransa. Ya duba, ya ce in bar ta in dawo gobe. Na jawo benci na zauna. Ya ce in gaya masa lambar buɗewa don ya gwada sabon gilashin. Na ce idan an zo gwaji ni zan danna da hannuna.

Ya kalle ni ta saman tabarau. "Malam, mi ka ɓoye ciki haka? Taswirar zinari?"

Ban yi dariya ba. Na kafa masa ido, shi da wata tsohuwar kwamfuta da ke gefensa, wadda yake zuba wa mutane waƙoƙi da ita. Ya sa gilashin, na buɗe da kaina, ya gwada, ya ce sai gam ya kama. Ana nan aka kira azahar. Na tabbata tare muka tashi, tare muka yi alwala. Amma da na sallame na duba sahu, babu shi. Ban tsaya addu'a ba. Na tarar da shi a rumfa, wayata kuma an jona ta da kwamfutar da wata 'yar igiya.

"Caji nis sa ma, ba wuta," in ji shi.

Na karɓi wayata na tafi. Amma 'yan mintocin nan sun zauna mini a rai. Ina cin abinci ina lissafa su, ina gaban allo ina lissafa su. Shin wayar ta kulle kanta kafin mu tashi? Me ya sa ya riga ni fitowa? Me ya sa ya yi zancen zinariya, idan ba ya shinshino wani abu ba ne?

Bayan 'yan makonni ina cikin motar Kalgo na ji wasu mata suna hira, wai akwai wani mutum a Dalijan da ke cire ƙayar kifi, ba ya ko minti biyar. Ina dawowa ban ko je gida ba, na zarce rumfar Injiniya. A gaban masu jiran gyara na ce masa ya kwashi abin da ke wayata ya sayar, na kira shi maci amana. Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya bar ni na gama tas.

Ya ce, "Malam, shekarata nawa nan wurin, ba wanda yat taɓa hwaɗa min haka. Ban san abin da kaka magana ba. Tahi, Allah shi isam min."

Daga baya na bincika, na gano mutumin Dalijan tun kafin a haife ni yake cire ƙaya, kuma nasa da man shanu yake yi. Kana tsammanin na koma na ba da haƙuri? Ina! Cewa na yi a raina, wannan bai wanke Injiniya ba, wataƙila dai bai sami mai saye ba ne tukuna. Na dai daina bi ta tasha.

Malamin kwamfuta na makarantarmu, wanda ya lura da yadda nake ƙanƙame waya, ya ba ni shawara ba tare da ya tambayi mene ne ba. Ya ce duk abin da ke da muhimmanci a yi masa kwafi, ko a katin memori a jefa a akwati, ko a ɗora a ma'ajiyar intanet. Na ce masa kwafi biyu ƙofa biyu ce ga ɓarawo, intanet kuwa ban san a ɗakin wa take kwana ba. Maimakon haka na sauke wata manhaja ta ɓoye abubuwa. Idan ka gan ta sai ka rantse kalkuleta ce, sai ka danna wasu lambobi sannan ta buɗe. Na mayar da muryar Baba ciki, na goge ta daga ko'ina. Ranar na yi barci har da munshari.

Ƙarshen damina Baba ya rasu. Ana zaman makoki Inna, mahaifiyata, ta kira ni ɗaki ta tambaye ni ƙasa-ƙasa, "Ya ba ka?"

Na dafa aljihuna na ce, "Ya ba ni, Inna."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Gida bai mutu ba."

Na yi niyyar idan an share makoki in zauna in haddace. Sai dai na kasa jin muryarsa. Sau biyu ina buɗewa, da na ji ya gyara murya sai in rufe. Na ce bari zuciya ta ɗan huce.

Ana haka wani saƙon murya ya shigo guruf ɗinmu na malamai, irin wanda aka tura aka sake turawa har ba a san mafarinsa ba. Wani mutum ne mai kaushin murya yake gargaɗi, wai duk manhajojin nan na ɓoye abubuwa tarko ne, duk abin da ka zuba a ciki kai tsaye ƙasar waje yake tafiya, can wasu na zaune suna saurare. Bai faɗi sunansa ba, bai faɗi inda ya ji ba. Ni da ban yarda da maƙwabcina ba, ban yarda da dattijon da muka yi sahu ɗaya da shi ba, nan take na yarda da muryar da ba ta da fuska, don kawai ta faɗi irin abin da kunnena ke so. Na hango Baba yana tari a kunnen wasu baƙi. Ban tambayi kowa ba, ga malamin kwamfuta a kujera ta uku da ni yana cin gyaɗa. Na danne manhajar na cire ta. Wani rubutu ya fito yana tambayata ko na tabbata, ban ko karanta shi ba.

A tunanina kwaɗo na cire daga ƙofa, kaya suna nan a ɗaki. Na duba wajen sautuka, babu. Na duba ko'ina, babu. Na sake sauke manhajar, na danna lambobina, ta buɗe wayam. Malamin kwamfuta ya yi iya yinsa har aka tashi, sannan ya ce mutum ɗaya ne a garin nan yake da abin dawo da abin da aka goge. Bai faɗi ko wane ne ba, ni ma ban tambaya ba.

Kwana uku ina kai gwauro ina kai mari kafin na iya tunkarar rumfar. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba. Na ba shi haƙuri a gaban mutanen da ke wurin, na gaya masa abin da ya ɓata muryar mahaifina ce, kuma ya rasu. Sai a lokacin ya ɗago. Ya miƙo hannu, na ba shi wayar, na faɗa masa lambar buɗewa tun bai tambaya ba.

Ya ture aikin kowa ya zauna a kan nawa har la'asar. Tsofaffin hotuna suka dawo, har da waƙoƙin da na manta na taɓa saukewa. Muryar Baba ba ta dawo ba. Ya ce irin waɗannan manhajoji dagula abu suke yi yadda ba mai iya karantawa sai da makullinsu, kuma makullin ya tafi tare da wadda na cire.

Na jira mutane suka ragu, na matsa kusa da shi.

"Injiniya, ranar nan da ka riga ni fitowa daga masallaci. Idan ka ɗauka, wallahi na yafe, duniya da lahira. Ba wanda zai ji. Ka taimake ni ka ba ni."

Ya cire tabarau ya ajiye. "Malam, da na ɗauka, yau da na hi kowa murna in ba ka. Ban taɓa ba. Caji nis sa ma."

"Ko a kwamfutar? Ko bisa kuskure?"

"Ga ta nan, diba da kanka."

Na duba. Na kuma duba fuskarsa, ina neman ƙarya kamar yadda na saba nema a fuskar kowa, ina roƙon Allah in samu ko 'yar kaɗan. Ban taɓa son mutum ya zama ɓarawo kamar ranar ba. Mutumin kirki ne, tun farko ma haka yake, kuma na fita daga rumfarsa ina kuka kamar ranar aka yi rasuwar.

Itatuwa uku nake tunawa cikin biyar. Tofin kuwa farkonsa kawai na riƙe, zuwa daidai inda tari ya sarƙe shi. Kukan akuyar ma ina jin sa tar a kaina.

Ban gaya wa Inna ba. Na yi ta ɗagawa kamar yadda na saba, har hutun da ya wuce. Ina zaune a zaurenmu na Kalgo da hantsi sai ga babur ya tsaya, an riƙo wani magidanci yana dafe da wuya, ido ya yi ja. Tun kafin su gama sallama na ji motsi a bayana. Inna ce ta fito da ƙoƙon Baba, ta wanke shi fes, ta miƙo mini da hannu biyu.

Ban karɓa ba. Na ce wa mai babur ya juya, su yi maza su kai shi asibiti. Suka tafi, Inna tana nan tsaye da ƙoƙon tana kallona.