Ranar da Kwamfutar Yaya Ta Yi Shiru

A wajen aiki Tsintsiya suke ce masa, don shara ce sana'arsa, sai dai a cikin kanel yake yin ta, wato cibiyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Duk manhajar da ke son sauti ko fayil sai ta kira kanel ta wata hanya da aka tanada. Wasu hanyoyin sun tsufa, an yi sababbi, ɓarayin intanet ne kawai ke laluben su. Shi ke bin su, ya yi cigiyar mai amfani da su, in ya ji shiru ya goge.

Akwai wata tsohuwar hanyar sauti da ya yi ta cigiya a kanta har ya gaji. Ba wanda ya tanka. Ya goge ta, ogansa ya amince, har da yabo.

Yayarsa ce ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsu. Da ciwon suga ya tafi da idonta ba ta zauna ba, ta kama aikin amsa saƙonnin fasinjojin wani kamfanin sufuri daga ɗakinta, wata tsohuwar manhaja na karanta mata abin da ke allo. Ta saba da muryar har ƙawata take ce mata.

Wata safiya ta kira shi a waya.

"Auta, ƙawata ta yi fushi. Tun da kwamfutar nan ta sabunta kanta ko tari ba ta yi ba."

Ya je ya durƙusa gaban teburinta, ya buɗe cikin na'urar. Sunan hanyar da ya goge ne ya fito masa ƙarara. Ya nemi wanda ya rubuta manhajar, aka ce ya rasu, asalin rubutun ma ba wanda ya san inda yake. Ya ce zai mayar mata da tsohon tsari, kamfaninta suka ce ba a hawa layinsu da shi. Ya sa mata sabuwar murya, ta yi ta cakuɗa sunayen fasinjoji, har Yaya ta tura wani mutum tashar da ba tasa ba. Aka yi mata gargaɗi.

Ya tare ogansa a bakin matakala.

"Oga, don Allah a mayar da ita, ko na ɗan lokaci ne."

"Kai ka rubuta cewa rami ce, ɓarawo zai shiga ta nan. Ƙarya ka yi?"

"Gaskiya ne."

"To me kake so in gaya wa sauran duniya?"

Ya koma ya haɗa wata 'yar gada tsakanin tsohuwar manhajar da sabuwar hanya. Tsohuwar muryar ta dawo, amma sai ta fara jimla ta maƙale, ta yi ta nanata kalma ɗaya. Yaya ta yi dariya ta ce ƙawata ta koyi i'ina. Shi dai bai iya dariyar ba.

Yanzu kullum kafin ya wuce ofis sai ya biya ta wajenta, ya ja kujera kusa da ita, ya karanta mata saƙonni da bakinsa, ita tana buga amsa. In ya tashi tafiya sauran saƙonnin su taru. Kamfanin sun ce in wata ya ƙare ba ta dawo daidai ba za su ba wani aikin. Gadar har yanzu tana maƙalewa, kuma bai gano dalili ba.