Ranar da Badaru Mai Sola Ya Je Neman Lasisi

Duk wanda ke Danchadi ya san Badaru, in ma bai san fuskarsa ba to wayar hannunsa ta taɓa yini a shagonsa. Asalinsa manomin albasa ne. Ya sayi faya-fayan sola don injin ban ruwa a fadama, da damina ta faɗi ya kwaso su ya jera a kan rufin shago, ya fara cajin waya. Daga nan Faruk tela ya roƙi a ja masa wuta zuwa kekensa, Dije mai zoɓo ta ce firjinta ma yana so. Kafin a ankara rabin layinmu wutar Badaru yake sha.

Ni maƙwabcinsa ne, ina kuma ƙaunarsa, amma gaskiya Badaru akwai son girma. Abin da ke ci masa rai shi ne har gobe "mai caji" ake ce masa. Wata rana ya ji a rediyo cewa kamfanonin da ke raba wuta sai da lasisi. Da wani ne tsoro zai ji, Badaru kuwa murna ya yi. In gwamnati ta ba shi lasisi ya zama kamfani ke nan, bakin kowa ya mutu.

A garinmu mutum ba ya roƙa wa kansa babban abu da bakinsa, ko aure ne ko sarauta, dattijo ake sawa a gaba. Don haka ya ɗauko ƙanen mahaifinsa, Baffa Sama'ila, ni kuma aka ɗora mini buhun albasa na gaisuwa. Ya kashe komai don kada wani ya yi masa taɓe-taɓe, ya kulle shago, ya jefa makulli a aljihun babbar riga, muka hau motar Sakkwato.

A ofishin hukumar wutar lantarki muka tarar da wata jami'a, Malama Zulaihatu. Baffa ya yi gaisuwa har sai da shayinta ya huce, kafin ya faɗi abin da ya kawo mu. Ta tambayi yawan faya-fayan da batiran da gidajen da ke shan wutar, sannan ta yi murmushi.

"Malam, wutarka ba ta kai wadda doka ta ce sai da lasisi ba. An yafe wa masu ƙaramar wuta irin taka. Ka je ka ci gaba da aikinka, ka dai kula da wayoyin da ka ja."

Baffa ya gyara zama. Shi a saninsa, duk abin da aka hana a karon farko so ake a ƙara roƙo.

"Ranki shi daɗe, yaron ga shina da hankali. Ba shi shan taba, ba a taɓa kai shi gaban alƙali ba. Tun da munka taso da nisa, a duba girman Allah a sa shi cikin doka."

"Baba, na daɗe a ofishin nan, kowa roƙona yake a cire shi. Ai sauƙi aka yi masa."

"Mun gode da sauƙi, ɗiyata, amma ba shi munka zo biɗa ba."

Nan Badaru ya kasa daurewa, ya karya al'ada ya yi magana da bakinsa. "Wato dai ban kai ba."

"Ba ka kai ba," in ji ta, a hankali. Albasar ma ta ƙi karɓa, na sake saɓa ta.

A hanyar dawowa, har muka wuce Bodinga Badaru waje yake kallo ta taga. Na so in tsokane shi, da na dubi fuskarsa sai tausayi ya kama ni. Mutum ya ci ado ya je a ce masa babba, an ce masa ƙarami, kuma cikin ladabi, ko wurin yin faɗa babu.

Bayan la'asar muka sauka, muka tarar da jama'a cunkus a ƙofar shago. Wayoyi sun mutu, Faruk ya yini yana ba masu ɗinki haƙuri, Dije kuwa ta ci ɗamara.

"Ƙanƙarata duk ta narke, zoɓo ya yi tsami," in ji ta. "Wane irin kamhwani na wanga, a ɗauke muna wuta tun sahe ba ko sanarwa?"

"Duk halinsu guda na, masu wutar ga," in ji Faruk. "Ba su jin tausan talaka."

Na matsa don in kare shi, sai na ga Badaru yana miƙewa kamar shukar da aka ba ruwa. Irin zagin nan ba a yi wa mai caji, na manyan kamfanoni ne, mun sha yi musu shi tare. Ya gyara hula, ya ɗaga hannu.

"Jama'a, a yi haƙuri. Matsala ta anka samu daga sama, muna kan gyara."

Dije ta ƙara hawa, tana cewa kullum haka suke faɗa. Badaru ya tsaya yana gyaɗa kai, idonsa har da ƙwalla. Sai da ya bari ta zage shi son ranta, sannan ya fara laluben makulli a aljihu a natse.